Daga Banat zuwa Baragan: yadda aka tuge wani gidan manoma a Romaniya

Gidan da wannan nazari ya bi sawunsa na manoma ne a yankin Banat, yammacin Romaniya, a wani ƙauye da ke cikin tazarar kilomita 25 daga iyakar Yugoslabiya. Ba a kama sunan gidan ko na ƙauyen ba. Abin da aka faɗa a kansa shi ne abin da ya faɗa wa dubban gidaje irinsa da suka shiga jerin suna guda, aka kwashe su a dare guda a 1951 zuwa Baragan, wani fili a kudu maso gabashin ƙasar.

Asalin lamarin: 1945 zuwa 1948

Banat shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai baƙin turɓaya, ana noma alkama da masara, ana kiwon dawaki da shanu da aladu. Mutanenta gauraye ne: Romaniyawa, Jamusawa, Sabiyawa, 'yan Hangari da Bulgeriyawa, sau da yawa a ƙauye ɗaya. Gidan da muke magana a kai yana da gonarsa ta gado, da dawakin huɗa, da shanun tatsa, da hannun jari a injin sussuka da ke zagaya ƙauyen lokacin kaka. In aiki ya yi yawa yakan ɗauki 'yan ƙwadago. Mai rufin asiri ne, amma ba ya cikin manyan masu ƙasa.

A ranar 6 ga Maris 1945 aka kafa gwamnatin Petru Groza da matsin lambar Tarayyar Sobiyet. A cikin watan nan aka yi dokar rabon ƙasa, aka karɓe abin da ya haura hekta 50 a hannun mutum ɗaya, da mafi yawan gonakin Jamusawa, aka raba fiye da hekta miliyan ɗaya ga kimanin manoma 900,000. A lokacin 'yan kwaminis suna musanta cewa suna da niyyar kawo gonakin haɗaka irin na Rasha. Dokar ba ta taɓa wannan gida ba.

Abubuwa biyu suka biyo baya. A ranar 30 ga Disamba 1947 aka tilasta wa Sarki Mihai yin murabus, mulki ya koma hannun jam'iyyar kwaminis gaba ɗaya. A watan Yunin 1948 kuma Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya raba gari da Tito, shugaban Yugoslabiya, kuma a Bukarest, babban birnin Romaniya, aka zauna aka yanke hukuncin korar Yugoslabiya daga ƙungiyar jam'iyyun kwaminis. Daga ranar iyakar da ƙauyen ke kusa da ita ta zama iyakar abokan gaba.

1949 zuwa 1951: tambari da kason dole

Taron kwamitin tsakiya na jam'iyya na 3 zuwa 5 ga Maris 1949 shi ya ƙaddamar da shirin haɗe gonaki. Aka kasa manoma gida uku: talakawa, matsakaita, da waɗanda ake kira kiyabur, wato masu hali da ake tuhuma da cin gumin wasu. Ba faɗin gona kaɗai ake dubawa ba. Mai injin niƙa, ko injin sussuka, ko kanti, ko wanda ke ɗaukar ɗan ƙwadago, duk yana iya shiga. Hukumar ƙauye ce ke rubuta jerin, don haka tsohuwar gaba a kan iyakar gona ko neman aure tana iya sa sunan mutum ya shiga ko ya fita. Injin sussuka da 'yan ƙwadagon kaka suka sa wannan gida a ciki.

Makamin da aka fi amfani da shi a kansu shi ne kason dole. Kowane gida sai ya kai wa gwamnati wani kaso na alkama, masara, nama, madara da gashin tumaki, a farashin da bai taka kara ya karya ba. Da faɗin gona da darajar ƙasarta ake lissafin kason, ba da abin da aka girbe ba, kuma gwargwadon girman gona gwargwadon yadda kason kowace hekta ke ƙaruwa. Sussuka ma sai a masussukar da hukuma ta ware. Mai karɓar kaso yana tsaye da ma'auni da littafi a bakin inji, a cire na gwamnati tukuna, a cire ladan inji da iri, abin da ya rage maigida ya ɗora a keken doki. A shekarar da ruwa bai yi ba, akan koma gida da buhunan wofi da sauran bashi a kai. Wanda ya kasa cikawa ana iya gurfanar da shi da laifin zagon ƙasa, a ɗaure shi, a karɓe dukiyarsa.

Tambarin bai tsaya a kan maigida ba. 'Ya'yan kiyabur sukan rasa gurbi a manyan makarantu saboda "asali marar kyau" da aka rubuta a takardunsu. Samarinsu in lokacin aikin soja ya yi, akan tura su rundunar ƙwadago, shebur a hannu maimakon bindiga.

Abin da gidan ya gwada

Na farko, biyan kason cif. Inda amfanin gona bai kai ba, aka sayar da dabba aka sayi hatsi da tsada a kasuwa aka kai wa gwamnati da arha. Wannan ya hana ɗauri, amma kowace kaka garken na raguwa, sunan kuma yana nan a jeri.

Na biyu, rage kai. Aka daina ɗaukar 'yan ƙwadago, aka yi maganar raba gona tsakanin 'ya'ya, aka nemi a ba gwamnati wani yanki kyauta don kaso ya sauka. Manoma da yawa sun yi haka a faɗin ƙasar. Hukuma kan ɗauki rabon gona a matsayin dabarar ɓoye dukiya, kyautar kuma ko an karɓa ba lallai ta goge tambarin ba.

Na uku, takardar koke zuwa hukumar ƙauye da ta gunduma, cewa an yi kuskure, gidan matsakaici ne. Mutanen da suka rubuta jerin su ne ake tambaya ko kuskure ne.

Shiga gonar haɗaka ma ba mafita ba ce, domin a waɗannan shekarun an hana kiyabur shiga, wai kada ya rushe ta daga ciki. Gaba kura baya sayaki: a waje kaso ya cinye shi, a ciki an rufe masa ƙofa.

Akwai hanyoyi biyu da gidan bai bi ba, ya dai ga ƙarshen waɗanda suka bi. Masu binne hatsi a rami, in aka tono, kurkuku ne. Masu tawaye kuwa, a damina ta 1949 ƙauyuka a yankunan Bihor da Arad, arewa da Banat, sun tashi a kan kaso da masussuka. Aka aika dakaru, aka harbe wasu nan take, aka kwashe iyalansu zuwa can gabashin ƙasar.

Daren 17 zuwa 18 ga Yuni 1951

An shirya aikin a asirce tun watan Maris. Zirin ƙasa mai faɗin kilomita 25, daga Beba Veche a arewa zuwa Gruia a bakin kogin Danube, za a share shi daga duk wanda gwamnati ba ta yarda da shi ba. Jerin ya ƙunshi iyalai 12,791, mutum 40,320. Rukuni mafi girma, mutum 19,034, kiyabur ne da masu shagunan sha. Sai 'yan Basarabiya, yankin da Tarayyar Sobiyet ta karɓe daga Romaniya, fiye da 8,000 waɗanda suka gudo daga mulkin Sobiyet, da wasu dubbai da ake kira 'yan Makedoniya, da waɗanda aka ce sun yi aiki da sojan Jamus, da masu dangi a ƙasar waje. Waɗanda aka rubuta a matsayin magoya bayan Tito, wanda da sunansa aka yi aikin, da kaɗan suka haura 1,000.

An zaɓi daren wani babban bikin Kirista, lokacin da kowa ke gida, alkama ta nuna saura a sa lauje. Kwanaki kafin nan mutane sun ga taragun kaya suna taruwa a tashoshi, sun ga sojoji, amma ba wanda ya san na wane ne. Cikin dare aka buga ƙofa. Jami'i ya karanta sunaye, ya karɓe katin shaida, ya ba da 'yan sa'o'i a haɗa kaya, ya bar soja da bindiga a tsakar gida. Ba a faɗi inda za a je ba. Kowa Sabiriya ya kawo a ransa, musamman Jamusawa, waɗanda ba su manta da watan Janairun 1945 ba, lokacin da aka kwashe matasansu zuwa aikin dole a Tarayyar Sobiyet.

Gidan ya ɗauki abin da keken doki zai iya: gado, kabad, barguna, tukwane, gari, kitse, kayan aikin hannu, da dabba ɗaya ko biyu. Abin da ya rage, wani kwamiti ya rubuta ya yi masa kuɗi kaɗan. Amfanin da ke gona ya zama na gwamnati. Ba a bar tsoho ba, ba a bar mai ciki ko jinjiri ba. Mutane da dabbobi da kaya a tarago ɗaya, aka yi kwanaki ana tafiya cikin zafi zuwa kudu maso gabas.

Yuni zuwa hunturun 1951: turke a fili

Baragan fili ne fetal tsakanin Bukarest da Danube, ba itatuwa, ruwa na da nisa a ƙasa, rani da ƙuna, hunturu da wata iska mai yanka da ke busowa daga arewa maso gabas. Daga tasha aka kai su tsakiyar gona, wani wuri alkama, wani auduga, wani ƙaya zalla. An ja layuka da garma a matsayin tituna. A kowane fegi an kafa turke da lamba a jiki. Aka nuna wa maigida nasa turken, aka sauke masa kaya, mota ta juya. Ƙauyuka 18 aka fara ta haka, irin su Rubla, Latesti, Fundata, Dalga da Rachitoasa, kowane gida da fegi mai murabba'in mita 2,500.

Daren farko aka jingina kabad da gado, aka shimfiɗa darduma a kai ta zama rufi. Da aka ga rana da ruwan sama ba za su bari ba, aka haƙa rami aka rufe da kara da ciyawa, aka koma ciki. Ruwan sha a ganga ake kawowa ko a yi tafiya mai nisa a ɗebo, rijiyoyin farko kuma wasu ruwansu da ɗanɗanon gishiri. Gudawa ta fara ɗaukar jarirai da tsofaffi tun a waɗannan makonni.

Da farko wasu sun ƙi yin gini. Ana ta jita-jitar cewa kuskure ne, ko Amurka na nan tafe, don haka gini tamkar amincewa da zama ne. Hukuma ta ba da umarni kowa ya gama ɗaki kafin sanyi, bisa zane guda, ta ba da ƙofa da taga da itacen rufi. Sauran na mutum ne. A haƙa ƙasa, a zuba ruwa da ƙaiƙayi, a tattake da ƙafa ko da doki, a zuba a ma'auni, a shanya, a jera, a rufe da kara ko ciyawar fadama. Duk wanda ya taɓa kwaɓa ƙasa ya yi tubali a ƙasar Hausa ya san aikin, ya kuma san abin da ruwan sama ɗaya ke yi wa tubalin da bai bushe ba. Haka ya faru da su ba sau ɗaya ba. Gida ɗaya ba ya iya wannan aiki kafin sanyi, balle mai tsofaffi da yara, don haka aka koma aikin gayya: yau a tashi bangon wannan, gobe na wancan, Romaniye da Bajamushe da Basabiye a rami ɗaya. Bayan nasu ɗakunan, su ne kuma aka sa suka gina makaranta, da ɗakin shan magani, da ofishin hukuma, da na 'yan sandan da ke tsaron su.

1952 zuwa 1955: zaman dole

An mayar musu da katin shaida da tambarin haruffa biyu, D.O., ma'ana zaman dole. Ba a yarda mutum ya wuce kilomita 15 daga ƙauyen ba sai da izini, wanda aka kama ya gudu kuma ɗauri ne. Ba katanga, ba waya mai ƙaya. Filin kansa da katin su ne shingen.

Aiki a gandayen gwamnati na kusa yake, waɗanda dama suna ƙarancin hannu. Ana noman auduga da shinkafa da hatsi, ana biya gwargwadon abin da mutum ya cika na ma'aunin yini. Maigidan da ya saba ba da umarni a gonarsa ya koma ɗan ƙwadago, shi da uwargida da manyan yara. Ladan bai isa ba, fegin ne ya cike giɓin. Aka shuka kayan lambu da masara, aka dasa itatuwa don tare iska, aka haƙa rijiyoyi masu zurfi, aka fara kiwon kaji da alade. Dangi daga Banat suna aiko da ƙunshin abinci. Cikin shekara biyu zuwa uku ƙauyukan sun yi kama da ƙauyuka, da farin bango da lambu a gaban ɗaki.

Takardun koke ba su tsaya ba, zuwa ma'aikatar cikin gida da shugabannin jam'iyya. An saki 'yan tsiraru da aka amince kuskure ne. Ga mafi yawa, har da wannan gida, shiru. A 1952 aka kawar da Ana Pauker, wadda ke kula da harkar noma a jam'iyya, amma ba abin da ya canza a Baragan, a sauran ƙasar ma jerin kiyabur ƙaruwa ya yi a wannan shekara. Stalin ya mutu ranar 5 ga Maris 1953. A watan Fabrairun 1954 aka yi guguwar dusar ƙanƙara da ta binne ɗakunan har rufi, sai da aka haƙa hanya daga ciki aka fito. A tsawon zaman, fiye da mutum 1,700 suka mutu, aka binne su a maƙabartun da su da kansu suka buɗe.

1955 zuwa 1956: saki da komawa

A ƙarshen watan Mayun 1955 Khrushchev, shugaban jam'iyyar kwaminis ta Sobiyet bayan Stalin, ya je Belgrade, babban birnin Yugoslabiya, ya sasanta da Tito. Romaniya kuma tana neman kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta samu ranar 14 ga Disamba 1955. Daga tsakiyar shekarar aka fara ɗage zaman dole rukuni-rukuni, zuwa 1956 yawancin mutane sun tafi, da kuɗin motarsu.

Gidan ya koma ya tarar da wasu a ɗakunansa. Gidajen waɗanda aka kwashe an mai da wasu ofishin gonar haɗaka, wasu rumbu ko turken dabbobi, wasu an zaunar da baƙi, wasu sun rushe. Gona ta narke cikin gonar haɗaka ko gandun gwamnati, an share iyakokinta da garma. Aka raɓa a wurin dangi, ana bin ofisoshi a kan gidan. Wasu sun samu nasu bayan lokaci, wasu ba su samu ba. Matasa suka nufi masana'antu a Timisoara da sauran birane. 'Yan Basarabiya da dama ba su da inda za su koma, sai suka zauna a Baragan. Ɗakunan da aka bari gwamnati ta zuba tsofaffin fursunonin siyasa a ciki. Ɗan siyasar adawa Corneliu Coposu ya yi zaman dole a Rubla daga 1962 zuwa 1964. Bayan 1964 aka rushe mafi yawan ƙauyukan aka noma wurin.

1957 zuwa 1962: sa hannu

Daga farkon 1957 aka soke kason dole a kan mafi yawan amfanin gona, amma aka dawo da matsin haɗe gonaki da ƙarfi. Tawagar 'yan jam'iyya kan zo gida da sunan wayar da kai, su zauna dare da rana har maigida ya sa hannu. Ana kiran mutum ofis a tsare shi, ana dukan wasu, ana barazanar korar ɗa daga aiki ko makaranta. Magidanta sukan kwana a gona don kada a same su. A ƙauyen Vadu Rosca, ranar 4 ga Disamba 1957, dakaru sun buɗe wuta a kan manoman da suka yi tawaye suka kashe mutum 9. Nicolae Ceausescu, wanda daga baya ya mulki ƙasar, yana cikin jagororin murƙushe wannan tawaye.

A wannan zango aka riƙa goge sunaye daga jerin kiyabur, aka buɗe musu ƙofar da aka rufe a 1949. Gidan ya sa hannu, ba shi da abin kaiwa sai ƙarfinsa. A ƙarshen 1961 shugaban jam'iyya Gheorghe Gheorghiu-Dej ya faɗa da bakinsa cewa an kama manoma fiye da 80,000 a shekarun farko, an yi wa fiye da 30,000 shari'a a bainar jama'a, ya ɗora laifin a kan Pauker. A watan Afrilun 1962 aka tara manoma 11,000 a Bukarest aka sanar da kammala shirin, kimanin kashi 96 cikin ɗari na ƙasar noma ta fita daga hannun ɗaiɗaiku.

Bayan 1989

Doka mai lamba 118 ta 1990 ta amince da waɗanda aka kwashe a matsayin waɗanda aka zalunta don siyasa, ta ba su ɗan alawus gwargwadon shekarun da suka yi. Dokar ƙasa mai lamba 18 ta 1991 ta ba da damar mayar da gona har hekta 10 ga iyali. Waɗanda aka buga wa ƙofa suna magidanta a 1951 akasarinsu sun rasu. Magada ne suka karɓi takardu, mazauna birni, ba doki, ba garma, ba injin sussuka, sau da yawa ma ba a ainihin wurin tsohuwar gonar ba. Da yawa suka ba da haya ko suka sayar. Jamusawan Banat kuwa mafi yawansu sun riga sun ƙaura zuwa Jamus.

Abin da ya ci tura, abin da ya yi aiki, da dalili

Duk matakin da gidan ya ɗauka kafin 1951 ya ginu ne a kan zaton cewa akwai wani abu da gwamnati ke so a yi, in an yi za a zauna lafiya. Zaton bai yi daidai ba. An tsara kason ne don ya karya gidan, ba don a cika shi ba, tambarin kuma hukunci ne a kan abin da mutum yake, ba a kan abin da ya aikata ba. Shi ya sa biyayya ta jinkirta ɗauri amma ba ta cire suna ba, koke kuma ya koma hannun wanda ake ƙara. A ganina ba a yi wa maigidan adalci ba in aka ce da ya yi dabara kaza da ya tsira. Maƙwabcinsa da ya ɓoye hatsi ya tafi kurkuku, wanda ya yi tawaye ya tafi kabari, shi da ya bi doka ya tafi Baragan.

Abin da ya raya su a can shi ne sanin noma da gini da kiwo, wato ainihin abin da ya sa suka yi hali har aka tuhume su, sai aikin gayya a watannin farko, sai ƙunshin dangi. Gidajen da suka yi saurin haƙura da jita-jita suka kama tubali sun shiga sanyi da rufi a kansu. Gidajen tsofaffi da marasa hannu su suka fi shan wuya. Wannan ya kare rai, bai dawo da ko taku ɗaya na gona ba.

Saki kuwa daga waje ya zo: mutuwar Stalin, sulhun Mosko da Belgrade, da buƙatar Bukarest ta gyara sunanta a idon duniya. Ba kotun da ta yanke musu hukunci a 1951, ba kotun da ta wanke su a 1955. Ita ma gwamnati ba ta samu abin da ta nema da sauri ba. Ta cire ƙwararrun manoma daga ɗaya daga cikin yankunanta mafi albarka ana gab da girbi, don tsoron yaƙin da ba a yi ba, kuma duk da tsoron da kwashewar ta jefa a zukatan waɗanda aka bari, sai da ta ƙara shekara 11 tana bin manoma gida-gida kafin ta sami sa hannunsu.